Ƙarar da Na Kai Roni

Ni ne na yi kuskure, amma ƙanina ne ya sha faɗan.

Bayan rasuwar Innarmu, shi ya tattara hotunanta da muryoyinta da muka naɗa a waya, ya zuba su a wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakina a Kazaure. Ya haɗa ta da na'urar intanet ɗin gida, ya ce muddin laftof ɗina tana kan layin gidan, zan ga folda mai sunan Inna. Da safe nakan kunna muryarta tana faɗa an bar mata ƙofa a buɗe awaki sun shigo.

Sai muka saɓa a kan gonarmu ta Gwiwa. Ni ina so a ba da ita aro, shi yana so mu shuka riɗi. Muka rabu ba daɗi, na wuce Babura kasuwar hatsi. A can na kunna intanet ɗin wayata, na haɗa laftof da shi don in tura wa wani ɗan Nijar hoton gero. Da na dawo, folda ta ƙi buɗuwa. Na kashe na kunna, na zare wayoyi na mayar. Tsohuwar kwamfutar tana aiki, fitilarta na ƙiftawa, amma laftof ta ce ba ta ganin ta.

Raina ya ba ni cewa ƙanina ne ya rufe ni, tunda shi ya san kalmar sirrin. Saboda gona ya raba ni da muryar uwata, yaron da na goya a bayana. Ban kira shi ba. Na hau babur na kai ƙara wurin kawunmu a Roni.

Ranar Juma'a Kawu ya zo, ya tara mu a ɗakina. Ƙanina ya durƙusa, Kawu ya wanke shi tas, ya ce uwa ba tasa ba ce shi kaɗai. Ƙanina bai musa ba. Ya roƙi a ba shi laftof, ya dubi ƙasan allon, sannan ya dubi aljihuna.

"Yaya, ara mini wayarka, tawa ba caji."

Ya taɓa wani abu ya miƙo mini. Can sai ga muryar Inna a laftof tana korar awaki.

"To ka gani," in ji Kawu. "Me ya hana ka buɗe tun farko?"

"Na tuba, Kawu."

Ƙanina ya fita bai ci tuwon da aka kawo ba.

Bayan sun tafi na ga intanet ɗin wayata ne ya kashe. Na kunna, na sake haɗa laftof da shi, folda ta ɓace. Na kashe, ta dawo. Tun daga Babura laftof take manne da wayata, ba ta koma layin gida ba. Ya gane haka, amma ƙani ba ya ƙaryata yayansa a gaban kawu.

Ya daina zuwa gidana. Na daɗe ina jan ƙafa kafin na koma Roni na faɗa wa Kawu gaskiya. Daga nan na wuce Gwiwa, na sami ƙanina a gona yana shuka riɗinsa. Ya gaishe ni bai ɗago ba. Na tsuguna a bakin kunya.

"Ba ka rufe ni ba, ni na rufe kaina, kuma na sa aka ci mutuncinka. Na gaya wa Kawu. Don Allah ka yafe mini."