Alfarmar da Ozella Ta Roƙa

Shekara ashirin da shida Ozella Tubbs ta yi tana girki a gidan Mista Strickland, a wani ɗan gari na jihar Mississippi ta Amurka, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga ta ƙofar gaba ba. Baƙar fata ce, mace marar hayaniya. Abin da ta taso ta tarar shi ne, in ɗanka ya faɗa hannun 'yan sanda, ba lauya ake nema ba, Baturen da kake yi wa aiki ake nema. Ya ɗaga waya, magana ta mutu.

A shekarar 1963 aka kama 'yarta tilo, Vernice, tare da 'yan mata goma sha takwas, don sun zauna a kujerun da aka keɓe wa fararen fata a wani gidan abinci. Kafin su fita sun yi rantsuwa a coci cewa ba beli, ba alfarma, kowa ya zauna har gidan yarin ya rasa masaka tsinke. Ozella ta ji labarin rantsuwar, ta ɗauke ta shirmen ƙuruciya. Kwana tara ta daure. Ran na goma aka ce an kwashe musu katifu suna kwana a kan siminti, ga Vernice da ciwon asma. Ta je bakin falo, hannu duk fulawa, ta sunkuyar da kai ta roƙi maigidan.

Washegari aka fito da Vernice ita kaɗai, aka sa ta a motar Mista Strickland, sauran suna leƙe ta taga.

"Mama, wa ya aike ki?"

"Au, laifi na yi? Sai in zuba ido ki mutu a can?"

"Da kin bar ni. Yanzu da wane ido zan kalli waɗanda na baro?"

A coci matsawa kawai aka yi daga bencinsu. Kafin wata ya mutu Vernice ta hau jirgin ƙasa zuwa Chicago, ba sallama.

Doka ta sake, gari ya sake, amma ban da wannan. Ozella ta ƙara shekara goma sha shida a duniya, baƙin ciki na cin ta, tana tare duk wanda ya shigo da tambaya ɗaya: wace uwa ce da ba za ta yi haka ba? Kowa sai ya ce babu. Vernice ba ta zo jana'izarta ba.