Ɗantani da Guntun Ganuwa

Duk wanda ya zauna da Baba Ɗantani a garinmu, can kudu da Anka, sai ya sha labarin Italiya, ko yana so ko ba ya so. Shi kuwa ko Kaduna bai taɓa wucewa ba. Yana saurayi ya yi wa wani injiniyan titi ɗan Italiya aikin kuku. In kewar gida ta kama Baturen, sai ya yi ta ba shi labarin garinsu: ɗan mitsitsin gari a kan dutse, da tsohuwar ganuwa, da rijiyar da ta girmi kakan kakansa, da hasumiyar da ta tsage aka ƙi rushe ta. Wai har daga wasu ƙasashe ake zuwa kallo.

Wannan labari ne ya hana Ɗantani sakat. Mu ma muna da ganuwa, ko in ce guntunta, a bayan gonarsa, inda ƙofar gabas take a da. Ya kewaye ta da ƙaya. Ya yi faɗa da masu awaki, ya yi da magina, don kowa ya san ƙasar ganuwa ta fi kowace daɗin tubali. Ya je wajen hakimi, ya hau kabu-kabu har sakatariya, aka ce ya dawo bayan salla. Baƙo ɗaya ya taɓa zuwa, shi ma ɓatan hanya ya yi. Ni ma na sha yi masa dariya, amma abin yana ƙona mini rai, don mu ba mu iya barin komai ya tsufa ba.

Sai zinare ya haukata mu. Aka riƙa niƙa dutse a tsakar gida, gubar dalma ta shiga ƙasa, yara suka yi ta mutuwa. Masu aikin tsaftacewa suka zo suka ce a kankare ƙasar kowane gida, a zuba mai kyau. Ga damina ta kankama, tifar kawo ƙasa mai kyau ta kasa shigowa. Suka sa na'urarsu suka gwada duk ƙasar da ke kusa, ko'ina guba. Ganuwa kaɗai ta fita lafiya, saboda ƙayar Ɗantani ta hana masu niƙa raɓarta.

Ya rantse ba mai taɓa ta. Ya ce da sun ji maganarsa da ba a kai nan ba, ya zagi zinare da masu zinare, ya koma gida yana huci. A tsakar gida ya tarar da surukarsa Sahura goye da jikarsa Rufaida, wadda ta fara rarrafe, tana ta zillo a baya.

"Baba, ɗiyag ga ƙasa taka so," in ji Sahura. "Ina za ni aje ta?"

Da safe shi da kansa ya janye ƙayar. Ya tsaya ana loda jakuna, yana yi wa kowa tsawa, ya roƙi a bar masa ko da iya gwiwa, a san an taɓa yin gari a nan. Suka bar masa.

Kafin la'asar Makau, wani ɗan garinmu, ya zo yana sunkuyar da kai. Ƙasa ta ƙare ba a kai gidansa ba, ga yara huɗu.

Ɗantani ya daɗe yana kallon ɗan tudun. Sannan ya miƙa masa fartanyarsa.