Kofin da Isuhu Ya Karɓa da Hannu Biyu

Shekara shida ina faɗin magana ɗaya a garin nan na Greensboro, babu wanda ya tsaya ya ji ni: Isuhu bai sha ba. Ranar Talata da hantsi ina goge mota a wurin aikina a High Point Road, matarsa Zuwaira ta kira ni. Ta ce, "Baba Hamidu, abokinka ya cika." Na ajiye tsumman, na zauna a ƙasa. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini, amma sai na faɗa.

Isuhu mutumin Maradi ne, ɗan masu lambu. Tun yana yaro ya iya yi wa mangwaro aure. Da ya zo nan sai ya sami aiki a wata tsohuwar gonar inabi can gaba da Summerfield. Mai gonar ya daɗe da mutuwa, giyar da yake yi an manta sunanta, itatuwan duk sun tsufa. 'Yarsa, da muke kira Madam, ta dawo tana son ta tada sunan ubanta. Masana suka ce a tuge komai a sake shuka. Isuhu ya kankare bawon guda ɗaya da farce, ya nuna mata kore a ciki, ya ce, "Tsohon itace ba a sare shi, aure ake yi masa." Shekara uku yana durƙushe da wuƙa da zare, har gonar ta yi 'ya'ya.

Ban ce aikin ba shi da abin faɗa ba. Shi kansa yakan ce mini, "Hamidu, ni itace na sani. Abin da yake zama in ya bar hannuna, Allah Ya yafe mini." Bai taɓa shiga ɗakin gangunan giyar ba. A bakin kurangar inabi yake shimfiɗa kwali ya yi azahar.

Kuma shi ne mai yi wa mamatanmu wanka. Duk wanda ya rasu a cikinmu, ɗan Nijar ko ɗan Najeriya, Isuhu ake kira. Ya bar aiki ya zo da sabulunsa da turarensa, bai taɓa faɗin abin da ya gani a jikin kowa ba.

Ranar da Madam ta fito da kwalaben farko, an ɗauke ni in riƙa shirya motocin baƙi, don haka ina wurin. Jar giya ce, an haɗa inabi kala uku, ta ce ba ta manya ba ce, irin wadda ubanta yake sha da abincin yau da kullum. Turawa suna juya kofi, su shinshina, su kurɓa. Sai ta kira Isuhu gaban jama'a, tana hawaye, ta miƙa masa kofi. Ku da kuka tashi a gida, ku gaya mini: in mai gida ya miƙo maka abu a gaban baƙinsa, ture shi ake yi? Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan rusuna, kamar yadda aka koya mana. Daidai nan wani ya ɗauki hoto. Ya ajiye kofin a kan tebur cike kamar yadda aka ba shi. A mota na ce, "Malam, yau ka zama Bature." Ya ce, "Bature mai warin taki? Ja mu tafi, la'asar za ta wuce."

Hoton ya fito a takardar tallar gonar. Alhaji Sale ya kawo ta shagon da muke sayen gero, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Na ce ina wurin. Alhaji ya ce, "Baba, kai motoci kake kallo." Aka yi dariya. Daga ranar ba a sake kiran Isuhu wanka ba. Babu wanda ya je ya tambaye shi. Idan an yi rasuwa sai ya ji a bakin mutane, ya zo ya tsaya a sahun baya. Na ce ya tashi ya yi magana ranar Juma'a, ya ce, "Mai wankan gawa ba ya wanke kansa."

Haka kuwa aka yi. Ranar Laraba, washegarin rasuwarsa, na jira mutane a ɗakin wanka. Wannan yana aiki, wancan motarsa ta lalace. Ni kaɗai na shiga, ni da ban san komai ba sai abin da na gani yana yi ina riƙe masa buta. Na fara da dama, wannan na tuna. Sauran ban sani ba ko na yi daidai, kuma wanda zan tambaya shi ne a kwance.

Allah Ka jiƙan Isuhu, Ka karɓi wankan nan duk da kuskurena, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba Zuwaira da 'ya'yanta haƙurin zama cikin mutanen da suka san abin da suka yi.

Alhaji Sale, Isuhu ne ya wanke ƙaninka. Ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci, ba zan matsa ba. Kai ko waninka, wani ya dube ni ya faɗa: wa ya ga kofin nan a bakinsa?