Maza Dama, Mata Hagu

Mun tashi da asuba daga garejin Television da ke Kaduna, mu goma sha biyu, ma'aurata shida daga majami'armu ta Narayi. Ni ne shugaban tafiya, ni kuma na ƙirƙiro ta. Asalin abin wata kalanda ce a shagon abokina ɗan Ibo mai sayar da kayan mota a Kakuri: ƙaramin farin jirgin ruwa tsakanin tsibirai masu itatuwan kwakwa, ga miji da mata a tsaye hannu cikin hannu. Wata uku ina cika wa mutane kunne, ina cewa sojoji sun koma bariki, mu ma mu fito da matanmu su sha iska. Tsibiran kalanda sun fi ƙarfin aljihunmu, sai muka tsayar da wani tsibiri a bayan Legas.

Uwargidana abu ɗaya ta roƙa. Shekara ashirin da aurenmu, ba mu da hoto mu biyu sai na ranar biki. Ta ce, "Baban yara, in mun shiga jirgin a ɗauke mu tare, irin na kalandar nan." Na bugi ƙirji na ce an gama.

Hanyar Abuja sumul, daga Lokoja kuwa ramuka suka karɓe mu. Shingayen sojoji sun ragu, amma 'yan sanda sun gaji wurin har da buhunan yashin. A Lokoja muka ci soyayyen kifi, ya fi na Sabon Tasha girma, ya kuma fi shi araha. A Ore aka kawo mana miya mai barkonon da ya sa dattijon majami'armu, wanda ya biyo mu da matarsa, ya cire hula yana fifita baki. Muka kwana a masaukin baƙi na wata coci a Legas.

Da safe muka ga jirginmu. Ba fari ba ne, na katako ne mai inji da rumfar tamfol, benci biyu suna fuskantar juna. Aka raba mana rigunan ruwa masu ƙarnin kifi. Ba wanda ya ce wa kowa komai, sai ga maza a dama, mata a hagu, yadda muke zama kowace Lahadi. Ni ne ma na fara zama. Uwargida ta ajiye jakarta a gefenta ta tare mini wuri, ta dube ni. Na dubi Baba dattijo da ke kusa da ni, nauyinsa ya kama ni. Na ce a raina bari dai a tashi tukuna.

Direban jirgin, wani Bayarabe da ya taɓa zama a unguwar Trikania ta Kaduna, ya ce da Hausa, "Oga, ba ma'aurata ka ce ba? Ko faɗa kuka yi a hanya?" Muka yi dariya, ba wanda ya motsa.

Da muka kai inda ruwan ya buɗe, wani ƙaton jirgin kaya ya wuce, igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sauke. Matata ko gadar Kaduna za mu hau rufe ido take yi. Ta miƙo mini hannu. Tsakaninmu bai kai taku biyu ba, kuma na ga hannun sarai. Amma maza biyar na kallona, sai na zaro takardar sunaye daga aljihu na duƙufa a kanta, sai ka ce wani zai ɓace a tsakiyar ruwa. Matar dattijo ce ta kama hannun. A daidai lokacin mai kyamara a cikinmu ya danna.

Tsibirin yana da kyau, ba ƙarya. Farin yashi, iska mai daɗi, ga kwakwa ana sare maka kai ka sha ruwanta nan take. Na lallaɓa na ce wa uwargida ta zo a ɗauke mu. Ta ce kanta na juyawa, a bari kawai.

Can Baba dattijo ya ja ni gefe. "Ɗana, me ya hana ka tashi? Kai ne shugaba, jira nake ka fara in bi. Shekara arba'in ban taɓa riƙe hannun Mama a gaban mutane ba, na ɗauka yau ce ranar." Wallahi da yashin nan zai buɗe da na shige. Ashe mu shida kowa ɗan'uwansa yake jira, ni kuma duk suke kallo.

Mun dawo Kaduna lafiya bayan kwana huɗu. Na koyi cewa shirya mota da masauki da jirgi ba wuya, taku biyun nan ne suka gagare ni, kuma har yau kunya nake ji.

Da aka wanko hotuna, uwargida ta sa na cikin jirgin a firam ta ɗora kan talabijin. Ga ta a hagu, hannunta cikin na Mama, ga ni a dama ina karanta takarda. Na roƙe ta ta sauke shi kafin baƙi su gani.

Ta goge gilashin da bakin zanenta, ta ce, "Bar shi, Baban yara. Tun bayan na biki, shi kaɗai ne muka fito tare."