Tambayar da ta karya hannun Malam Illa

Da safen nan waya ta shigo mini daga Tawa. Malam Illa ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu shayin da na zuba yana gabana, na kasa sha.

Yawancinku ba ku san shi ba. Shi ya koya mana tarihi a kwalejin Tawa, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Ni ɗan Kalfu ne, shekarata sha uku, ba ni da kowa a gari. Shi ya ba ni kayena na farko, wato littafin rubutu, da rula. Ran Juma'a yakan ce in biya gidansa in ci tuwo, wai matarsa ta yi da yawa. Sai da na girma na gane kullum da ni ake auna tsakin.

A lokacin littafin da ake koyarwa na Faransa ne, sarakunansu da gidajensu. Wasu malamai karantawa kawai suke yi mu haddace. Shi kuwa ya sa muka kwaɓo laka muka gina fadar Versay ta sarkin Faransa a bayan aji, bisa wani tsohon ƙyaure.

Ya fara nuna mana gidan sarakunansu na da, a tsakiyar Paris: katanga mai kauri, tagogi ƙanana, rami zagaye da ita, gidan mai tsoron hari. Sannan aka yi sarkin da ya kira kansa Rana. Ya bar birnin, ya koma wata fadama inda ubansa ke da ɗan gidan farauta. Ya naɗe gidan da sabon gini, ya miƙa masa fukafukai dama da hagu. Ya yi dogon zaure, tagogi goma sha bakwai suna kallon madubai goma sha bakwai. Ɗakin kwanansa a tsakiya, hanyoyi uku duk suna nufo shi.

Mun liƙa fasassun madubi a namu zauren. Ni na jera su.

Na ce, "Mushe, ina ganuwar?" Haka muke kiran malaman lakkol, wato makarantar boko, mushe.

Ya ce, "Ba ya buƙata. Duk wanda zai iya kai masa hari ya tattaro shi cikin gida, yana riƙe masa riga."

Sai ya faɗa mana abin da babu a littafi. Maginan da zazzaɓin fadama ya kashe, ana kwashe su a amalanke. Da wata tsohuwa da ɗanta ya faɗo daga saman ginin ya mutu, ta tare sarki ta zage shi, aka yi mata bulala a gaban jama'a.

A shekarar nan wani babban ɗan siyasa yana gina bene a Tawa. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa na raye. An kwaso mutane daga ƙauyuka suna masa aiki dole. Yayana Hamidu yana cikinsu. Katanga ta rufto masa, ta murƙushe ƙafarsa, aka aza shi a jaki aka mai da shi Kalfu, ko sannu babu.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Mushe, kamar benen wane ke nan?" Na faɗi sunan.

Malam ya dube ni, ya ce, "Zamna, Sa'idu."

Bayan kwana biyu, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar lakkol. Ƙarti huɗu suka shigo aji ba sallama. Na gaba ya ɗauke Malam da mari, tabaraunsa ya faɗi, wani ya taka. Suka ja shi waje ta wuyan riga, suka ce duk mu fito mu gani.

Dorina suka fara sa masa. Rigarsa fara ce, muna kallo ta tsage, ta rine. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa, a ciki, a baki. Ɗaya ya ɗauko ƙyauren da fadarmu ke kai ya kifa masa a ka. Laka da madubi suka watse, wani ɓallin ya yanke shi a goshi.

Babbansu ya ce, "An ce wani yaro ne ya ambaci sunan maigida. Wane ne cikinsu?"

Ina tsaye a layin gaba. Fitsari ya zubo mini har cikin takalmi.

Malam ya tofar da jini da haƙori guda. Ya ce, "Ni na faɗi. Yaran ga ba su san komi ba."

"Ƙarya kake!"

"Ni na faɗi."

Suka danne hannunsa na dama bisa dokin ƙofa. Da kulki suka yi ta bugu. Sau nawa, ban sani ba, na dai ji ƙarar ƙashi, na ji ihunsa, sannan ihun ya tsaya. Suka jefa shi bayan mota kamar buhun gero suka yi arewa da shi.

Ban buɗe baki ba. Wannan shi ne gaskiya. Ina tsaye, ban ce ni ne ba.

Shekara biyu ya yi a tsare. Da ya dawo, yatsun nan sun ƙandare sun lanƙwashe ciki. Ya koyi riƙe alli da hagu, aka tura shi Barmu, ya ci gaba da koyarwa har ritaya. Ni kuma na zama mai zanen gine-gine, kuma shekara da shekaru ina kauce wa hanyar gidansa don kunya.

Bara da azumi na daure na je. Na same shi a zaure, ido ya yi rauni. Na ce, "Mushe, Sa'idu ne na Kalfu."

Ya yi dariya. "Mai tambaya! Sai yanzu?"

Na durƙusa, ni da furfurata, na ce ya yafe mini. Kuka ya hana ni ƙarasawa.

Ya ce, "Mi ka yi? Ɗan lakkol ya yi tambaya, aikinsa ke nan. Da ka yi magana ran nan, da kashe ka za su yi, wahalata ta tashi a banza. Tashi. Ga reza can, yanke mini farcen hannun ga, kowa tsoron taɓa shi yake."

Na riƙe hannun na yanke masa, ɗaya bayan ɗaya. Yana ta tambayata labarin ƙafar Hamidu.

Ya ce mini ya yafe wa mutanen nan huɗu tun yana tsare. Ni har yau ban iya ba.

Ya Allah, Ka ji ƙan Malam Illa. Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi gida a Aljanna, Ka mayar masa da hannunsa lafiya lau. Ka ba iyalansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce. In kun gama, ku sa ni ma a ciki.