Hoton da Na Ɗauka a Garou

Jama'a, wannan ba labarin ji ba ne, wallahi tallahi ni abin ya faru da ni, kuma har gobe in na tuna sai abinci ya fita raina. Shekarun baya ne, lokacin ina Malanville ina aikin raka Turawa masu zuwa kallon tsuntsayen bakin kogi. Wani tsoho a cikinsu da zai koma ƙasarsu ya bar mini kayan aikinsa, madubin hangen nesa mai ƙafa uku, da 'yar ƙaramar kamara da ake ɗaurawa a bakinsa, sai wani gilashin ƙara girma mai kama da mazurari, lup muke ce masa. Shi wannan kifa shi ake yi a fuskar kamarar ka manna ido ɗaya, don in ba da shi ba, ranar garinmu ba ta barinka ka gane ko hoto ya fito tas ko dishi-dishi ne. Kana murɗa madubin a hankali, da ka ga gashin tsuntsu ya fito ɗaya-ɗaya sai ka danna, ba a tsayawa shawara. Shekara huɗu ina wannan aiki, har yatsana ya koma yana riga tunanina.

To, shekarar da kogi ya cika ya batse, yayana Garba, uwa ɗaya uba ɗaya, masunci ne a Garou, ya fita duba taru da safe bai dawo ba. Aka tsinci jirginsa a kife. Kwana biyu ana nema, jandarma suka zo suka yi rubuce-rubucensu suka tafi, Inna kuwa ta daina magana da kowa. Rana ta uku na ɗaure kayana a bayan moto, wato babur, na nufi can, ban ma san me zan yi da su ba, zama ne kawai ya gagare ni.

Bayan azahar na kafa madubin a kan wani tudu, ina bin tsibiran da ruwa bai cinye ba ɗaya bayan ɗaya. Da idona a madubin, ba komai sai ciyawa. Na ɗaura kamara, na kifa lup, na murɗa. Innalillahi! Ga Garba zaune ya rungume gwiwoyinsa, da jar rigarsa ta ƙwallo, har tabon ƙugiyar da ke haɓarsa ina gani, kuma na rantse muku numfashi yake yi.

Sarkin ruwa, tsohon da ke jagorantar neman, yana tsaye kusa da ni. Ban ɗago ba na ce, "Baba, ga shi can!" Ya ce, "Kana ganinai yanzu?" Na ce ina gani. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "To ɗana, wanda ruwa ya riƙe, in an hange shi, ido ka riƙe shi hal hannu shi kai. Ƙibtawa ba komi, amma kak ka bari wani abu shi gitta tsakaninku."

Suka shiga jirgi da mutum biyu, ni kuma salula a kunnena ina yi musu kwatance. Zufa tana shiga idona, wuyana ya ƙage, ina kuka ina roƙon Allah kada ko tsuntsu ya gitta. Can sai ga su sun shigo cikin gilashin, sun sauka a tsibirin. Sarkin ruwa ya ce, "Ba mu ga kowa ba." Ni kuwa ina ganinsu tsaye a kansa! Na ce, "Dama, Baba! Taku biyu! Duƙa, miƙa hannu!" Tsohon nan ya duƙa yana lalube kamar makaho, saura bai fi taƙi ɗaya ba ya taɓa kafaɗar Garba.

A nan ne Garba ya ɗago kai. Bai dubi su ba, ni ya duba, duk nisan nan, ido cikin ido, fuskarsa ta fito tas irin yadda ban taɓa samun ko tsuntsu ɗaya ba. Sai na ji ƙyat. Wallahi ban yi niyya ba, yatsan ne ya danna. Ku da kuka san ƙananan kamarorin nan, kun san in an ɗauki hoto fuskar takan yi baƙi na ɗan lokaci. Da haske ya dawo, ba Garba.

Na ji muryar Sarkin ruwa a salula, can ƙasa-ƙasa, "Mi ka yi, ɗana?" Ya ce ciyawar wurin a kwance take, kuma da ɗumi, kamar yanzu mutum ya tashi.

Hoton yana nan a wurina. Tsoho ne duƙe da hannu a miƙe, sai kwantacciyar ciyawa, shi ke nan. Ba a ga Garba ba, ba a ga gawarsa ba. Da na koma gida Inna ta buɗe baki karo na farko ta ce, "An ce ka gane shi?" Na ce idona ne ya yi mini gizo. Har ta rasu ban gaya mata gaskiya ba.

Ban san abin da na gani ba, kada ku tambaye ni. Amma don Allah, in manya suka kafa muku sharaɗi a bakin ruwa, ko ba ku yarda da shi ba, ku maida hannuwanku baya ku riƙe su gam. Ni nawa a kan kamara na bar shi.