Baba Mai Fenti da Bangon Makaranta

A duk unguwar, Baba Mai Fenti ake ce masa, har jikokinsa. Tun yana saurayi yake rubuta allunan shaguna, kuma shi ya rubuta ayoyin da ke bangon firamaren unguwar, ɗaya daga littafin addininsa, ɗaya daga na maƙwabtansa. Matarsa 'yar wata ƙabila ce. A gidansu da yarenta ake faɗa, da nasa ake shiryawa.

Da aka kafa dokar haɗin kan ƙabilu, hedimasta ya aika a kira shi.

"Baba, a shafe ayoyin nan. An ce suna raba kan yara."

"Malam, ai don kada a rabu na rubuta duka biyun."

"Ni ma dokar ba ta gama shiga kaina ba. Ka dai shafe."

Bai kai rabi ba iyaye suka yi masa ca. Aka kira taro, manya suka takure a bencin yara, gwiwa na dukan tebur. Wani tela ya ce makarantar da ba a karanta littafin Allah kango ce. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a bar wa gida wannan aikin. Wani ya ce yare dokar ta hana, ba addini ba, na kusa da shi ya rantse ba haka ba ne. Duk wanda ya yi magana sai Baba ya ga shi ke da gaskiya. Da aka zo ƙuri'a, kowane ɓangare sai da Baba ya ɗaga masa hannu.

A gida jikarsa ta tare shi.

"Baba, an hana mu yaren Iya a aji. Zunubi ne, ko laifi kawai?"

Iya, matar tasa, ta ce, "Bar shi, shi ma bai sani ba."

Ana cikin haka aka canja hedimasta. Sabon ya ce a zana taswirar ƙasa a wurin, kowane yanki da launinsa. Baba ya zana ta tsaf. Sai jami'in ilimi ya zo dubawa, ya ce launukan ma rarrabewa ce.

Baba ya wanke burushinsa ya tafi gida. A shekarar nan, ciwon gwiwa ya hana shi hawa tsani, ɗan ƙanensa ne ya zo ya shafe bangon da shuɗi.